Babi na 5: Mudun Auna Masana

Kusan duk shekara sai an ji labarin a rediyo ko an gan shi a jarida: malamai kaza na jami'a kaza sun shiga sahun kashi 2 cikin 100 na masanan kimiyya da suka fi fice a duniya. A buga hotunansu, shugaban jami'a ya yi jawabi, dangi su yi ta tura barka a WhatsApp. Sai wani can gefe ya yi tambayar da kowa ke jin nauyin yi: to, wai me aka auna? Ilimi dai ba gero ba ne balle a zuba shi a mudu. Wa ya zauna ya karance ayyukan masanan duniya kaf har ya ce wane ya fi wane?

Ba wanda ya karanta. Ƙirge aka yi. Wancan jeri, wanda John Ioannidis na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka fara fitarwa a 2019, an gina shi ne a kan adadin lokutan da wasu masana suka ambaci aikin mutum a cikin nasu rubutun. Tunda hirarmu a littafin nan a kan kitsen da ke yawo cikin jini take, bari mu ɗauki mudun mu gwada shi a kan mutanen da suka ƙare rayuwarsu a wannan fage, mu ga abin da yake kamawa da abin da ke zubewa ta gefe.

Inji wa?

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure ya san wannan tambaya. Idan ka kawo magana, za a ce a wane littafi ka gani, wa ya rawaito, daga wa ya ji. Masu kimiyya ma haka suke. Mai bincike idan ya gama aikinsa yakan rubuta maƙala ya aika wa mujalla, a ƙarshenta ya jera sunayen maƙalun da ya dogara da su. Kowane suna a jerin nan shi ne ambato guda.

Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya ga cewa za a iya juya jerin baibai. Maimakon a tambayi wa wannan maƙala ta ambata, sai a tambayi su wa suka ambace ta. Ya kawo shawarar a mujallar Science a 1955, kuma a 1964 kamfaninsa da ke Filadelfiya ya soma buga kundin da ke nuna hakan. Nufinsa na farko shi ne sauƙaƙa wa mai nema bin sawun magana daga wanda ya fara ta zuwa waɗanda suka ɗora. Amma abin da ya ƙirgu, ba a daɗewa sai an mai da shi sikeli. Yau kundin ya zama Web of Science, ga kuma Scopus da Google Scholar da suka bayyana a 2004, kuma kwamitocin ƙarin girma da masu raba kuɗin bincike duk can suke leƙawa.

A 2014 mujallar Nature ta nemi a fitar mata da maƙalu 100 da aka fi ambata a tarihi. A lokacin kundin na ɗauke da rubuce-rubuce kusan miliyan 58, kuma wajen rabinsu ko dai ba a taɓa ambatarsu ba ko sau ɗaya tak aka yi. Kafin maƙala ta shiga cikin ɗarin nan sai ta haura ambato 12,000. Abin mamaki, maƙalar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana siffar DNA, ba ta samu shiga ba. Wadda ta zo ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry da abokansa ta 1951, mai koyar da yadda ake auna yawan furotin a cikin ruwa, da ambato sama da 305,000. Ta tara kuwa a kan kitse take.

Mutumin da ya koya wa duniya tatsar kitse

Sunansa Jordi Folch. An haife shi a Basalona a 1911, ya karanci likitanci a can, ya tafi Amurka a 1936, daga baya ya zauna a asibitin McLean da ke kusa da Boston, asibitin masu taɓin hankali mai alaƙa da Jami'ar Harvard. Ƙwaƙwalwa ce ta dame shi. Idan aka cire ruwa daga ƙwaƙwalwa, kusan rabin abin da ya rage dangin kitse ne, don haka mai son sanin sirrinta dole ya iya raba kitsen da sauran tarkace ba tare da ya ɓata shi ba.

A 1957 shi da Marjorie Lees da Sloane Stanley suka buga hanyar da suka daidaita. Ga yadda take a aikace. Ka yanko ɗan nama, a ce giram ɗaya na hanta. Ka markaɗa shi a cikin ruwan sinadari ninki 20, wanda aka haɗa da kashi biyu na kulorofom da kashi ɗaya na metanol. Ka tace. Sai ka ƙara ɗan ruwa ko ruwan gishiri, kamar kashi ɗaya cikin biyar na abin da ka tace, ka girgiza, ka ajiye. Bayan ɗan lokaci za ka ga abin da ke cikin kwalbar ya rabu hawa biyu da layi a tsakani, tas kamar an ja da alƙalami. Na sama ya kwashe gishiri da sukari da sauran abin da ke son ruwa. Na ƙasa, mai nauyin, shi ya riƙe kitsen. Macen da ta taɓa kaɗa nono ta ga mai ya ware daga tsala ba za ta sha wahalar gane dabarar ba, sai dai a nan man ne ke kwanciya a ƙasa, don kulorofom ya fi ruwa nauyi.

Shi ke nan aikin. Shafi 13 ne a mujallar Journal of Biological Chemistry. Zuwa 2014 an ambace shi sau sama da 45,000.

Me ya sa? Domin duk wanda zai taɓa kitse a ɗakin gwaji sai ya fara fitar da shi. Mai binciken ƙwaƙwalwa, mai auna kitsen hantar ɓera, mai duba nonon uwa, ɗalibin da ke son sanin irin man da ke jikin tarwaɗa, kowannensu idan ya zo bayyana yadda ya yi aikinsa zai rubuta layi guda: an fitar da kitse bisa hanyar Folch. Yawancinsu ba su taɓa buɗe maƙalar ba, daga bakin na gaba da su suka koya. Shekara biyu bayan ta Folch, wasu masu binciken kifi a Halifax ta Kanada, Bligh da Dyer, suka fito da hanya mai sauri wadda ba ta cin sinadari da yawa, don naman kifi mai ruwa-ruwa. Ita ma ta shiga cikin ɗarin nan, a matsayi na 18.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da Folch shi ne, yana da binciken da ya fi wannan zurfi. Shi ya nuna cewa abin da ake kira sefalin a ƙwaƙwalwa, wanda aka ɗauka sinadari guda ne, ashe gauraye ne, ya kuma ware sabon nau'i daga cikinsa. Shi da Lees suka gano wasu furotin masu narkewa cikin ruwan kitse, waɗanda ke cikin rigar da ke lulluɓe jijiyoyin saƙo. Waɗannan su suka sa ake lissafa shi cikin iyayen ilimin sinadaran ƙwaƙwalwa. Amma a kan sikelin ambato, ba su kama ƙafar girkin nan na kulorofom ba. Maƙerin da ya ƙera fartanyar da kowa ke noma da ita, sunansa zai fi yawo a gari fiye da na wanda ya gano dalilin da ya sa ƙasa ke gajiya.

Lambar da ke kan takardar gwajinka

Kafin mu ci gaba, a tuna abu guda. Jini ruwa ne, kitse kuwa ba ya shiga ruwa. Zuba man gyaɗa a kofin ruwa ka gani. Don haka jiki yakan naɗe kolestarol da sauran kitse a cikin 'yan ƙananan ƙunshi masu rigar furotin, su ne 'yan dakon da ke kai kaya daga hanji da hanta zuwa sassan jiki. Su ake kira lipofurotin. LDL shi ne wanda idan ya yi yawa yake maƙalewa a bangon jijiyar jini. HDL shi ke kwaso wani kason ya mayar hanta. VLDL kuma yawancin lodinsa tiragilisaraid ne, wato irin kitsen da mahauci ke yankewa a jikin nama.

Yanzu ɗauko takardar gwajin kitsen jini, idan ka taɓa yi. Za ka ga layi huɗu: jimlar kolestarol, HDL, tiragilisaraid, LDL. A ɗakunan gwaji da yawa, uku kawai aka auna. Na huɗun, wanda likita ya fi zuba wa ido, lissafa shi aka yi. A ce jimla 200 ce, HDL 50, tiragilisaraid 150, duka a ma'aunin miligiram. A raba 150 gida biyar, ya ba da 30, wannan shi ne ƙiyasin kolestarol da VLDL ke ɗauke da shi. A cire 50 da 30 daga 200, saura 120. Wannan ce lambar LDL ɗinka.

Lissafin ya fito ne daga maƙalar William Friedewald da Robert Levy da Donald Fredrickson ta 1972, daga Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka. Kafin ita, auna LDL sai da inji mai tsada wanda ke juya jini kamar katantanwa na tsawon awanni har ƙunshin su jeru bisa nauyinsu. Su kuwa suka gwada lissafin a kan jinin mutum 448, suka ga ya yi kusa da abin da injin ke bayarwa, suka kuma yi gargaɗin cewa idan tiragilisaraid ya haura 400 kada a yarda da shi. An ambaci maƙalar nan dubu-dubu. Duk binciken da aka yi a kan ciwon zuciya ko ciwon sukari aka lissafa LDL ta wannan hanya, ambato ɗaya ya ƙaru.

A nan ina ganin mudun bai yi ƙarya ba. Lissafin da ya sa ƙaramin asibiti zai iya ba majinyaci lambar LDL ba tare da injin miliyoyi ba, ya cancanci a san shi. Sai dai a lura da abin da lambar ke faɗa: an yi amfani da shi sau da yawa. Fredrickson, wanda sunansa ke ƙarshe, shi ne jagoran. Shi ya kasa cututtukan kitsen jini gida biyar a 1967, shi ya bayyana cutar Tangier da ke kusan shafe HDL daga jini, ya kuma shugabanci cibiyoyin baki ɗaya daga 1975 zuwa 1981. Duk da haka sunan Friedewald ne ya manne wa lissafin, don shi ne a farkon layi.

Mutum biyu, hannu ɗaya

To, akwai waɗanda zurfin aiki da yawan ambato suka haɗu a kansu? Akwai, kuma a wannan fage ba a wuce Michael Brown da Joseph Goldstein.

Sun haɗu ne a 1966 suna sababbin likitoci a babban asibitin Massachusetts. Goldstein ya wuce cibiyoyin nan na ƙasa, inda ya duba wasu yara majinyatan Fredrickson, 'yan uwan juna biyu, waɗanda ba su kai shekara 10 ba amma jijiyoyin zuciyarsu sun toshe kamar na tsofaffi. Cutar gado ce: wanda ya gaji lahanin daga iyaye biyu, kolestarol ɗin jininsa kan ninka na mai lafiya sau da dama tun yana goye. Wanda ya gaje shi daga gefe ɗaya kuwa, kimanin mutum ɗaya ne cikin 250, yawancinsu ba su ma sani ba.

A farkon shekarun 1970 suka haɗa ɗakin gwaji a Dallas ta jihar Texas. Ba su da hantar mutum da za su yi gwaji a kai, sai suka raini ƙwayoyin fata a faranti. Idan suka zuba LDL a kan ƙwayoyin mai lafiya, sai ƙwayoyin su daina ƙera kolestarol na kansu, kamar uwargidan da aka kawo wa tuwo daga maƙwabta ta sauke tukunya. Ƙwayoyin yaran nan kuwa ko a jikinsu. LDL na kewaye da su, su kuma suna ta girki. A 1973 da 1974 suka gano dalili: a jikin ƙwaya akwai wata makarɓa da ke cafke LDL ta ja shi ciki, kuma masu cutar ba su da ita ko tasu ta lalace. Kayan da ba a karɓa a bakin ƙofa ba, a titi zai taru. Wannan ya kai su ga kyautar Nobel a 1985.

Ba su tsaya ba. A 1993 suka gano furotin ɗin da ke gaya wa ƙwaya lokacin da za ta ƙara makarɓa ko ta rage, abin da ya buɗe wani sabon fage. Shekara sama da 50 suna aiki tare, sun buga maƙalu ɗaruruwa, kuma da gangan suke karɓa-karɓa wajen sa suna a gaba.

Wannan ya kawo mu ga lambar da malaman jami'a ke yawan tambayar juna, wato ma'aunin h. Wani masanin fiziya a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, Jorge Hirsch, shi ya ƙirƙiro shi a 2005. Ana jera maƙalun mutum daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa. Idan yana da maƙalu 10 da kowacce ta samu ambato aƙalla 10, ma'auninsa 10 ne. Idan 40 ne masu aƙalla 40, to 40. Hikimarsa ita ce, mai tarin maƙalun da ba wanda ya waiwaya ba zai ci riba ba, haka ma wanda ya yi dace sau ɗaya ya kwanta. Brown da Goldstein irin mutanen da aka yi ma'aunin dominsu ne: aiki mai yawa, kuma ana ta komawa gare shi.

Amma duba inda yake tuntuɓe. Maƙalar da suka rubuta tare, kowannensu cikakken lada yake samu, haka ma ɗalibin da sunansa ke na shida. Ma'aunin ba ya sanin wa ya yi tunanin, wa ya wanke kwalba. Kuma maƙalar Folch mai ambato 45,000, a wurin h, ɗaya ce tak, daidai da wadda ta tsallake layi da ƙyar. Sannan ba ya raguwa. Dattijon da ya ajiye aiki shekara 20 zai ci gaba da fin matashin da ke kan ganiyarsa.

Waɗanda mudun ya makara a kansu

A 1913 wani matashin likitan soja a San Fitasbag ta Rasha, Nikolai Anichkov, ya ciyar da zomaye kolestarol zalla, ya buɗe jijiyoyinsu ya tarar da irin daskararren kitsen da ake gani a jijiyoyin mutane. Aka ce ai zomo ciyawa yake ci, ba a saba masa da kitse ba, kuma da aka gwada a karnuka da ɓeraye abin bai faru ba. Shekaru gommai likitocin zuciya ba su ɗauki maganar da nauyi ba. Da a ce akwai kwamitin da ke duba ambato a zamaninsa, da bai ga abin kirki ba.

John Gofman na Berkeley, wanda ya yi aikin sinadaran nukiliya lokacin yaƙin duniya na biyu kafin ya koma likitanci, shi ya yi amfani da injin juyawar nan ya rarrabe lipofurotin, ya kuma nuna a 1950 cewa wasu nau'o'in ne ke tafiya da ciwon zuciya. A 1956 wani babban binciken haɗin gwiwa ya ƙare da saɓani, mafi yawan abokan aikin suka ce auna jimlar kolestarol ya wadatar. Gofman ya bar fagen ya koma binciken illar tururin nukiliya. Yau kowa na cewa LDL da HDL, kaɗan ne ke ambatarsa. Haka abin yake: idan magana ta zama sanin kowa, sai a daina cewa inji wane. Ba mai jingina “ruwa na gangarowa ƙasa” ga wani malami.

Akwai kuma ɓarnar da mutane ke yi da hannunsu. Wani ya yi ta ambatar kansa ko da babu dalili. Wasu su ƙulla adashi, ka ambace ni bana in ambace ka baɗi. Wani ya yanyanka bincike guda ya fitar da maƙalu biyar. Kuma kwamfutar da ke ƙirge ba ta bambanta wanda ya ambace ka don ya yaba da wanda ya ambace ka don ya ce ka yi kuskure. Shi ya sa a 2012 wasu editoci da masu bincike suka tsara sanarwar San Faransisko, suna kira da a daina auna mutum da martabar mujallar da ya buga aikinsa a ciki, a koma duba aikin kansa.

Girman kasuwa ma na da nasa tasiri. Ciwon zuciya na cikin manyan masu kisa a duniya, masu bincikensa dubbai ne, don haka maƙala matsakaiciya a kan kolestarol za ta iya fin fitacciyar maƙalar lissafi ambato. Wanda kuma ya duƙufa a kan man kaɗe ko man ja ko kitsen kifin Tafkin Chadi, ya buga a mujallar gida wadda manyan kundayen ba su ɗauka, aikinsa na iya amfanar mutanen da ke cin abin kullum amma a lissafin duniya kamar bai yi ba. Shi zai ambaci Folch, Folch ba zai ambace shi ba.

Ni dai idan aka miƙo mini takardar masani mai ɗauke da manyan lambobi, nakan nemi maƙalunsa uku na sama in duba irinsu. Hanyar aiki ce? Taƙaitawar binciken wasu ce? Rahoton kwamiti ne mai sunaye 200? Ko kuwa wani abu ne da ba a sani ba kafin shi? Sai in buɗe kaɗan daga cikin masu ambatar in ga a wane layi suka sa shi, da abin da suka ce. Aikin rabin awa ne, kuma yakan canza yadda nake kallon lambar, wani lokaci ya ƙara mata daraja, wani lokaci ya rage.

Saura mutum guda da na ɓoye da gangan. Makarɓar da Brown da Goldstein suka gano ta bayyana yadda za a iya rage LDL: a hana hanta ƙera kolestarol, ita kuma ta ƙara makarɓa ta janye shi daga jini. Amma maganin da zai yi hakan ba daga Dallas ya fito ba. Wani ɗan manoma ne daga arewacin Japan, ma'aikacin kamfanin magani na Sankyo a Tokyo, ya bi fumfuna da danginta kusan 6,000 ɗaya bayan ɗaya har ya dace a 1973. Sunansa Akira Endo. Ya rasu a 2024 yana da shekara 90 ba tare da kyautar Nobel ba, alhali miliyoyin mutane na haɗiyar jikokin maganinsa kowane dare. Yadda maganin ya ƙi aiki a jikin ɓeraye, da yadda kaji masu ƙwai suka cece shi daga kwandon shara, shi ne labarin babi na gaba.